Wanzamin da Aka Daina Kira

Daga Allah muka fito, gare Shi za mu koma, Baba ya riga mu. Ya cika wata ranar Talata da hantsi, a ɗakinsa na Wurno. Yau kwana arba'in. Na jira har aka naɗe tabarmin makoki aka mayar wa masu su, sannan na ɗauki alƙalami. Da tsufana na shiga ajin manya na koyi boko, mata suna yi mini dariya wai me zan rubuta. To ga abin rubutawar ya zo.

Mutane sun zo gaisuwa, wannan kam ba zan yi musu ƙarya ba. Daga Rabah, daga Marnona, har daga Goronyo wasu suka yi sammako a kan jakuna. Zaure ya cika, aka shimfiɗa a ƙofar gida har gindin ceɗiya. Ina daga ciki ina jin muryar mai unguwa ta bayan zana, yana ta nanata wa baƙi cewa marigayi mutum ne mai haƙuri, shekara da shekaru ba a taɓa jin kansa da kowa ba. Na ji kamar in ɗaga zanar in tambaye shi yadda za a yi a ji kan mutum da wani, alhali ba mai yi masa magana.

A cikin mata, wadda ta fi kowa kuka maƙwabciyarmu ce, katangarmu ɗaya. 'Ya'yanta na fari duk Baba ne ya yi musu askin suna. Na baya kuwa, har wata unguwa take aikawa a nemo wanzami, ya zo ya wuce ta ƙofar zaurenmu da zabirarsa a kafaɗa, Baba na zaune yana kallo. Ita ce ta riƙe hannuna tana cewa an yi rashin uba. Na bari ta gama, na ce mata, "Inna, ashe kin san hanyar gidan ga?" Ta saki hannuna. Ƙannena suka ce na yi rashin kunya a gidan makoki, kuma ban musa ba.

Ga abin da ke cina. Baba wanzami ne, ɗan wanzami, jikan wanzami, kuma shekara ashirin da 'yan kai na ƙarshen rayuwarsa ba wanda ya kira shi askin suna. Wanda bai san sana'ar ba zai ce mene ne a ciki. Wanzami yana da gidajensa, gadonsu yake yi daga ubansa kamar gona. Shi ke aske jaririn gidan ranar bakwai, shi ke cire masa beli, shi ke yi masa kaciya, in ya girma ya haihu shi za a sake kira. Idan aka haihu a gidanka aka kira wani, an faɗa wa gari cewa ba a yarda da hannunka ba. Baba ya zauna duk shekarun nan yana jiran gida ɗaya tak ya sake yarda da hannunsa. Waɗanda suka cika mana zaure sun san haka sarai. Ni ma na sani, don ina cikinsu.

Mutum ne gajere, mai zanzana a fuska, don agana ta kama shi yana yaro ta sake shi. In yana aiki bakinsa ba ya hutawa. Sai ya kama kan attajiri ya murɗa shi gefe, ya ce duk Wurno shi kaɗai ke juya manya yadda ya ga dama, kuma su yi godiya. Ni da yake sunan mahaifiyarsa aka sa mini, "uwata" yake kirana. In na yi laifi sai ya ce shi bai isa ya daki uwarsa ba, Inna ta yi. Inna mahaifiyarmu kuwa, Allah ya jiƙanta, ba ta taɓa ƙin wannan aikin ba.

Yana da doka guda da ubansa ya bar masa. Duk inda askarsa ta taɓa fata, kaciya ce, beli ne, ƙaho ne, sai ya koma bayan kwana bakwai ya duba wurin da idonsa. Yakan ce yanka ko mahauci yana yi, komawar ita ce aikin. A kan wannan doka suka yi faɗan da na fi tunawa, shi da Inna. Ya yi wa wani ɗan Fulani kaciya a rugar hayin gulbi, sai ruwa ya sauko cikin makon, gulbi ya cika ya tumbatsa. Ranar komawa Inna ta ɗauke zabirarsa ta jefa cikin rumbu, ta ce ba za ta zama bazawara saboda ɗan wasu ba. Ya neme ta bai gani ba, ya fita hannu biyu. Da la'asar ya dawo jiƙe sharkaf yana rawar sanyi, ya ce ya tarar da ciwon ya fara ruwa, ya wanke ya sa magani, da an ƙara kwana biyu da wani labarin ake yi. Kwana uku ba su yi wa juna magana ba, ni ce mai kai saƙo tsakanin ɗaki da madafa. A na huɗu ta fito masa da zabirar, duk ƙaiƙayi, ta ajiye a gabansa.

Wannan mutumin ne aka ce ya yi sakaci da 'ya'yan mutane.

Shekarar da abin ya faru ina da aure a wani ƙauye tsakanin Rabah da Rara, da 'yata ta fari mai shekara huɗu. Bazara ce, aka fara jin labarin agana daga garuruwan arewa. Sai ga Bature likita ya fito rangadi daga Sakkwato zai yi wa yara lambar rigakafi. Duk garin da ya sauka sai ya tarar ba yara, an cusa su a rumbuna, an gudu da wasu cikin daji. Wani mai wayo ya ba shi shawara ya nemi wanzamin da mutane suka sani, don ba a gudun mai aske kan jariri. Haka aka zo har zaurenmu aka ɗauki Baba, aka ba shi hular kaki, aka koya masa yadda ake ɗan tsaga dantse a shafa magani. Ya ce koyarwar ba ta kai tsawon sallar azahar ba, don tsaga kam ya girmi Baturen a cikinta.

Ba zan ce likitan nan mugu ne ba. Da mugu ne da abin ya fi mini sauƙi. Dogo ne, rana ta ƙone shi ya yi jajir, ba ya zama, ba ya gajiya, yana wanke hannu fiye da mai waswasin alwala. Ya baro ƙasarsu da danginsa ya zo yana yawo cikin zafinmu don kada yara su mutu, na yarda. Ciwonsa ɗaya ne: a ganinsa duk abin da ya cancanci a sani ya riga ya taho da shi a cikin akwati.

Baba ya ba mu labarin wata hira da suka yi a barikin Wurno, ta bakin tafinta. Baturen ya ga ƙahonin da ke cikin zabirarsa, ya yi dariya, ya ce su ma sun yi wannan. Wai shi ma gadon likitanci ya yi, kuma kakan kakanninsa can a Ingila, tun zamanin da, da ƙaho da aska yake aiki, yana zubar wa marasa lafiya jini, har masu ilmi suka zo suka bar wannan shirme. Amma yana alfahari da kakan, don wai da annoba ta shiga birninsu, manya suka kwashe iyalansu suka gudu, shi ya tsaya yana bi gida gida yana duba waɗanda ya ba magani. Baba ya ce da ya ji haka sai ya ji ya so tsohon nan da bai taɓa gani ba. Ya ce wa tafinta, "Hwaɗa mai kakan nashi wanzami na, na gaishe shi." Baturen ya ɗauka wasa ne, ya yi dariya har da buga cinya.

Maganin lambar a cikin 'yan kwalabe yake zuwa, sirara kamar tsinken tsintsiya, a jere cikin akwati, akwatin a kan ɗan dako, ɗan dakon a tsakar ranar bazara. Baba ya taɓa akwatin wata rana ya ji shi rau kamar tanda. Shi da ya san ko man shanu ba a barinsa a irin wannan rana, sai ya ba da shawara a naɗe kwalaben a jiƙaƙƙen tsumma a sa cikin tulu, a riƙa tafiya da safe da yamma kawai. Baturen ya ce ba a haɗa maganin gwamnati da tukunyar ƙasa, kuma yana da garuruwa a gaba da zai gama kafin ruwa ya sauka. Baba ya tambayi ranar da za su dawo su duba. Aka ce masa ba dawowa, wanda aka yi wa an yi masa.

Ina nan ranar da suka iso ƙauyenmu. Aka kafa tebur a ƙofar mai gari, dogari yana ta kira, ba uwar da ta motsa. Baba ya leƙa cikin taro ya hango jikarsa, 'yar tawa, a bayan uwar mijina. Wasa suke yi da ita irin na kaka da jika, amaryarsa yake ce mata. Ya ce, "Amaryata, zaka ki gwada ma matsoratan ga." Ta ruga da gudu ta faɗa jikinsa. Ya ɗaga ta sama kowa ya gani, ya tsaga dantsenta, ya shafa maganin, ya ba ta ƙuliƙuli. Ko ƙwalla ba ta yi ba. Daga nan mata suka fara fito da yara ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda aka zaro daga rumbu da ƙaiƙayi a kai. Ba don Bature suka fito ba, ba don dogari ba. Sun ga wanzaminsu ya fara da jininsa. Ni ina can baya ina yi kamar ban san yarinyar ba, don 'yar fari ce, kuma uwa ba ta nuna ta damu da ɗan fari a gaban mutane.

Lamba in ta kama, cikin mako wurin yakan tasa ya ɗuri ruwa, ya bushe ya bar tabo. Haka Baturen da kansa ya koya masa. Ranar da muka cika kwana bakwai, su Baba da Baturen suna Marnona. Baba bai nemi izinin kowa ba, ya yi sammako ya dawo mana a ƙasa. Ya fara da amaryarsa, ya ɗaga hannunta, ya ga ɗan layin aska ya warke sumul kamar ba a taɓa ba. Ya bi gida gida har azahar yana ɗaga hannuwan yara. Na kawo masa fura bai sha ba. Ya juya ya bi sawun Baturen, bai cim masa ba sai a Goronyo.

A gaban jama'a ya same shi, an jera yara ana jira. Ya durƙusa ya ce, "Ranka shi daɗe, na koma na duba. Ban ishe ko hannu guda da yat tashi ba. Maganin ga rana ta kashe shi."

Baturen ya ce maganinsa lafiya lau yake. Ya san halin matan ƙasar nan, da an juya baya sai su wanke wurin da lemun tsami da toka. Baba ya ce akwai jikarsa a ciki, kuma 'yarsa ba za ta wanke abin da ya sa da hannunsa ba. Baturen ya ce 'yarsa ma mace ce kamar sauran. Ni ke nan. Mutumin da bai taɓa ganin fuskata ba ya yanke mini hukunci daga Goronyo, ya ƙi aika ko masinja ya ɗaga hannun yaro ɗaya ya gani. Tafiyar yini ce a kan doki.

Baba ya cire hular kaki ya ɗora a kan tebur, ya jera kwalaben da ke hannunsa a gefenta. Ya ce, "Ba ni ƙara yanka ɗiyan mutane da ruwan banza." Kafin ya kai bakin gari an ba wani hular, aiki ya ci gaba.

Ya bi duk garuruwan da suka wuce yana faɗa wa mutane cewa lambar ba ta kama ba, a tsare yara a gida. Amma sankira ya riga shi. An yi shela a kasuwanni cewa an kori wanzamin Wurno saboda taurin kai, lambar likita tana da kyau, kada kowa ya saurari mai jin haushin an raba shi da hula. Mutane suka riƙa yi masa ba'a, jiya ka ce mu kawo, yau ka ce ruwa ne, gobe kuma me za ka ce. Mutanenmu, in magana ta fito daga bariki, ko sun ga saɓaninta da idonsu sai su ce idon ne ya yi kuskure. Hannuwan yaran suna gabansu, sumul, ba wanda ya duba.

Ni ya same ni da rana tsaka, ya tsaya a ƙofar gida, don ba ya shiga gidan surukai. Ƙafafunsa sun yi furu-furu. Ya ce, "Uwata, ki tsare min amaryata gida. Kak ki bari ta tai kasuwa, kak ki bari ta tai biki. Lambar da niy yi mata ba ta kama ba." Na ce to.

Bayan kwana biyar aka tashi biki a Rabah, na dangin mijina. Uwar mijina ta yi wa yarinyar wanka, ta sa mata kwalli, ta ɗaura mata zane. Wata a gidan ta ce an ce akwai ciwon a unguwar da za su. Tsohuwar ta ce ai an yi mata lamba, Bature ya ce ta yi, maganar korarre ba ta hana ta zumunci. Ina tsaye a bakin turmi, taɓarya a hannuna. Na ji duka. Kalma ɗaya ce ta rage, in ce a bar ta. Amma uwar da ta buɗe baki a kan 'yar fari a gaban uwar miji, sai a shekara ana ba da labarinta a bakin rijiya, a ce ga marar kunyar da ta san zafin ɗan fari. Na ji tsoron bakin rijiya. Na ci gaba da daka, suka fita, yarinyar tana ɗaga mini hannu ban ɗaga mata ba.

Mako biyu da dawowarsu zazzaɓi ya kama ta. Ba zan rubuta yadda jikinta ya koma ba. Ta yi kwana tara ta cika. Ba ita kaɗai ba, ƙauyen ya zama ba gidan da ba a shimfiɗa tabarma ba, haka Rara, haka Marnona, haka har Goronyo. Aka yi wa masu ciwon bukkoki a bayan gari, kowa yana tsoron zuwa. Baba da yake ciwon ya riga ya taɓa kama shi, shi ke kai musu ruwa da kunu, shi ke juya su, shi ke kore musu ƙuda. Shi ya ɗauki amaryarsa a hannu ya kai ta makwancinta. Ni ko kuka ban yi a gaban mutane ba, don kunyar da ta hana ni magana ita ta hana ni kuka.

Ana cikin wannan sai sabuwar magana ta fito daga bariki. Yanzu an yarda maganin ya lalace, amma wai wanzamin da aka kora ne ya riƙa barin akwatin a rana. Shi ke nan, mutane sun sami wanda hannunsu zai iya kaiwa. Bature ba a tararsa da magana, mai gari ba a tararsa, uwar miji ba a tararta. Wanzami kuwa ga shi nan a zaurensa. Waɗanda ya kai wa 'ya'yansu ruwa a bukka su ne suka fara cewa alhaki ne ke cinsa. Ba wanda ya tuna cewa ya zo ƙofarsa da ƙafafu furu-furu ya gargaɗe shi. In sun tuna sai su tuna abin da suka amsa masa, shi ya sa suka gwammace su manta.

Gidajensa suka zube ɗaya bayan ɗaya. Ba faɗa, ba zagi. A haihu, a yi suna, ya ji kiɗa daga zaure.

Yanzu na zo kan nawa. Bayan shekara na haifi namiji. Bisa al'ada wanzamin gidan mijina ke aski, amma ya tsufa, kuma tun aurena Baba ne ke yi wa gidan aiki. Mijina, Allah ya ba shi lada, ya aiko a tambaye ni ko a kira Baba. Da na ce a kira shi, da gari ya ga uwar da ta rasa 'ya ta miƙa masa wani ɗan, da bakin kowa ya mutu. Na ce a nemo wani. Ba don na yarda da maganar bariki ba, na fi kowa sanin ƙarya ce. Na dai kasa kallon mutumin da ya ce mini in tsare ta na ce to. Ya fi mini sauƙi in ce askarsa ce, da in ce taɓaryata ce.

Ya zo sunan. Ya zauna cikin baƙi a ƙofar gida, ƙanena ya ce ya ga tudun zabira a ƙarƙashin rigarsa. Aka fito da jariri aka miƙa wa wani. Ya tsaya aka yi addu'a, ya karɓi goro, ya koma Wurno a ƙasa. Bayan kwana bakwai ya dawo, wai ya zo gaishe ni. Ya karɓi yaron, ya buɗe bakinsa ya duba inda aka cire beli, ya ce aikin ya yi kyau, ya miƙo mini shi. Na haifi biyar bayan wannan. Duk biyar ɗin haka aka yi.

Baturen kuwa ya ci gaba. Muka ji an ƙara masa girma an kai shi Kaduna, daga baya aka ce ya koma ƙasarsu ya huta. Ina jin yana can yana ba jikokinsa labarin yadda ya yi fama da jahilan mata masu wanke lamba da toka. Bayan wasu shekaru aka sake fitowa yin lamba, wannan karon maganin a naɗe cikin jiƙaƙƙen bargo, ana tafiya da sanyin safiya, kuma malamin lamba yana dawowa bayan mako ya ɗaga hannun kowane yaro. Mutane suka riƙa cewa kai, Turawa akwai hikima. A gabana mai unguwa ya faɗi haka, shi ɗin nan mai yabon haƙurin Baba. Ba wanda ya taka zuwa zaurenmu ya ce wa tsohon nan ashe kai ka yi gaskiya. Ba sankiran da aka tura kasuwa ya janye shelar farko.

Baba ya koma noman albasa a fadama, aikin da bai iya ba, kowa yana kwasar buhu shi yana kwasar kwando. Bai daina zolaya ba, sai dai ba kan da zai murɗa. In na je gida yakan tare ni da "uwata ta zo," ya tambayi yara ɗaya ɗaya. Bai taɓa ɗaga maganar ba. Ko sau ɗaya bai ce mini ai na gaya miki ba. Da ya faɗa, da mun yi faɗa, da na yi kuka, da an wuce wurin. Wannan shirun ne mai unguwa ke kira haƙuri, kuma ni kaɗai na san nauyinsa.

Bana da kaka matar babban ɗana ta haihu, namiji. Ɗan nawa shi ne wanda aka aske Baba yana zaune da zabira a ƙarƙashin riga. Uwar mijina ta daɗe da rasuwa, ni ce babbar gida yanzu, ba bakin rijiyar da zan ji tsoro. Na tashi na tafi Wurno da ƙafata. Na same shi a zaure, na durƙusa na ce masa an yi mana haihuwa, ranar Alhamis suna, shi muke so ya yi aski. Ya ce, "Mi kic ce, uwata?" Na maimaita. Ya ce Allah ya kai mu.

Ranar Alhamis tun hantsi bai yi ba ya iso a kan jakin ƙanena, da farar riga, zabira a fili a kafaɗa. Na sa aka shimfiɗa masa a tsakar gida inda mata za su gani, aka bar ƙofa a buɗe don maza. Da hannuna na miƙa masa jaririn. Ya rungume shi, ya ce masa abokina ka zo a makare, ya jiƙa masa kai da ruwan ɗumi. Ya zaro aska ya buɗe, ya kai ta kusa da kan yaron.

Hannunsa yana rawa. Ba sosai ba, amma bakin askar yana kaɗawa, kowa yana gani. Ya janye, ya dafa gwiwa, ya sake kaiwa. Ya daɗe yana kallon hannun nan kamar na wani ne. Sannan ya naɗe askar, ya ɗaga kai ya kira wanzamin da ke tsaye a bakin ƙofa, wanda ya aske mini 'ya'ya shida, ya miƙa masa ita. Na ce Baba ko gashi ɗaya ne ka taɓa, don mutane su gani. Ya ce ba a gwaji da kan jariri don mutane su gani, ya taɓa yi sau ɗaya da amaryarsa.

Shi ya riƙe kan yaron har aka gama. Da ya miƙo mini shi ya yi magana a hankali, yadda ni kaɗai zan ji. "Uwata, da bara waccan kinka kira ni, da na iya."

Bai ƙara wata uku ba. Allah ka jiƙan Baba, ka yalwata masa makwanci, ka haɗa shi da amaryarsa, ka karɓi shaidar da bai samu a bakinmu ba. Masu gaisuwa suna ta ce mini in yi haƙuri, tsufa ne, lokaci ne. Tsufan shekara biyu kawai ya ci masa. Sauran ashirin ɗin hannunsa lafiya lau yake, yana jira, kuma tsakanin ɗakina da zaurensa tafiyar rabin yini ce.